Gwangwanayen Inna

Shafi na 19

Masu zagina a ƙarƙashin shafin jiya don na yanke magana a tsakiya, na karanta duka, na yafe rabi. Ke kuma mai cewa Akanta ba ta da tarbiyya, ki dakata tukuna. Kin taɓa taɓa kayan uwarki kuka rabu lafiya? To ku matso kusa. Yau abin ba na dariya ba ne, ko da yake ni sai na ɗan yi.

Wanda yau ya iso, ga inda muke. Inna tsohuwa ce, ita kaɗai take zaune a gidan da mijinta ya rasu ya bar mata. 'Ya'yanta biyu ke riƙe da ita. Akwai Yaya, babban, yana can wani gari da iyalinsa. Sai autarta, wadda kowa ke kira Akanta, don aikinta ke nan a ofis, halinta ma ke nan a gida. Abin da suke haɗa wa Inna na cefane ya daina kai ƙarshen wata, sai Akanta ta ce matsalar tarkace ce da rashin tsari.

Jiya ta lallaɓa Inna ta tafi dubiyar marar lafiya tare da maƙwabciyarta, ita kuma ta ɗaure ɗankwali ta faɗa wa gidan. Tsofaffin gwangwanaye da kwalabe ta sayar wa mai gwangwani. Yagaggiyar tabarma, karyayyar kujera, igiyar da ta ratsa tsakar gida, duk ta jibge a bakin titi wa masu kwasar shara. Da Inna ta dawo, sai ta tsaya a tsakiyar falonta kamar baƙuwa, ta juya nan, ta juya can, ta nufi bango. Akanta ta gani. Ta fita waje ta yi wata waya.

Ku riƙe wayar nan a ranku.

Da safe Akanta ta shigo da burodi a leda, tana taku kamar wadda aka ba lambar yabo.

Ta tarar da Inna a bakin gado. Kayan jiya ne a jikinta. Takalmin jiya ne a ƙafarta.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau, Auta."

"Kin ga gidanki kuwa? Kamar a ɗauki hoto a sa a kalanda."

"Na gani."

"Na gani kawai? Bayana har yanzu ciwo yake min."

"Sannu. Gida ya yi fili. In na yi tari sai ya amsa min."

Akanta ta matso, ta tsaya.

"Mene ne wannan a goshinki?"

"Ƙofa ce ta gaishe ni."

"Wace ƙofa?"

"Guda nawa ne da ni? Ke dai kawo burodin."

Akanta ta zauna kusa da ita, ta gyara murya irin ta ofis.

"Inna, daga yau akwai tsari. Ba faɗa na zo yi ba."

"To, Allah ya sa."

"Fitilu. Rana tsaka kina kunna fitilun gidan nan duka, manyan ƙwayaye masu shan wuta kamar na filin ƙwallo. Na canza su da ƙanana."

"Na lura."

"Kantin bakin layi. Komai a can kike saye, kuma mutumin nan tsada gare shi kamar mai sayar da zinare. Ga kasuwa kusa."

"Yana da fara'a."

"Fara'ar muke biya? Sai kuɗin mota. Wurin da kike zuwa da ƙafa tun muna yara, yanzu sai a mota. Sai katin waya. Ke da kike karanta saƙo da kanki, yanzu kowa ya rubuto sai kin kira shi ya maimaita miki da baki."

"Muryar mutane nake so."

"Sai sukari da mai." Akanta ta rage murya. "Suna tafiya kamar ana ɗiba. Ni dai ban kama sunan kowa ba. Amma Gwaggo Rediyo kullum tana cikin kicin ɗin nan."

Ku ji fa. Rediyo ita ce maƙwabciyar da ta raka Inna dubiya. An sa mata sunan ne don in abu ya faru a farkon layi da safe, kafin shayi ya huce ƙarshen layi ya ji, har da ƙari. Ni ban ga laifinta ba. Mutane suna bukatar labari, wani kuma dole ya kai musu.

Inna ta murza bakin zaninta da yatsu.

"Taso ki ga kicin," in ji Akanta.

"Ƙafata."

"Ƙafarki lafiyarta lau jiya. Taso."

Ta kama hannunta ta miƙar da ita. A bakin ƙofa Inna ta zame takalmi, ta tura ƙafa gaba tana shafa siminti da tafin ƙafa kamar mai neman allura.

"Me kike nema?"

"Ba komai. Simintin ya yi sanyi."

Kicin ɗin kam, gaskiya, ya yi kyau. Robobi ne farare sababbi a kan kantar kicin, girmansu ɗaya, murfinsu ɗaya, a jere kamar 'yan makaranta ranar da baƙo zai zo. Kowace an manna mata takarda, an rubuta sunan abin da ke ciki da ƙaramin rubutun nan na Akanta mai kama da ƙafar tururuwa.

"Kin gani? Sukari, gishiri, ganyen shayi, madara. Ba sauran wannan gwangwanin ya lotsa, wancan an ɗaure masa tsumma a wuya kamar mai mura. Haɗa shayi in gani."

Inna ta ɗaga hannu. Hannun ya tsaya a sama. Ya matsa dama, ya dawo hagu, ya taɓa murfi ɗaya, ya taɓa na kusa da shi.

"Haɗa min ke, Auta. Na yi kewar shayinki."

"Ke da kike cewa shayina ruwan wanke kofi ne?"

"Na tuba."

Akanta ta ɗora ruwa ta juya, sai idonta ya faɗa kan akwatin magani. Shi ma sabo ne, na roba, mai gidaje-gidaje, kowane da rubutunsa. Jiya ta juye ƙwayoyin Inna duka a ciki ta zubar da tsofaffin kwalaben. Ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Inna, ba ki sha maganin hawan jini ba? Na jiya da yamma ma yana nan."

"Na manta."

"Kin manta? Ke da ko agogo ba ya kai ki daidai?"

"Wanne ne na safen?"

"An rubuta mana! Ga shi a gabanki!"

Daidai nan aka banko ƙofar waje.

"Salamu alaikum, masu gida, ko an tashi ne ba a gaya min ba? Na ga tabarmarki a bakin titi, na ce ko dai mutuwa kika yi aka fara rabon gado ban ji ba."

Rediyo ce. Ta shigo kicin da mayafi a kafaɗa. Jiya a bakin ƙofa ta rabu da Inna, ba ta ga cikin gidan ba sai yanzu. Ta dubi robobin. Ta dubi akwatin maganin. Ta dubi goshin Inna. Karo na farko tun da aka haife ta, bakinta ya buɗe ba abin da ya fito.

"Ina kwalaben?" ta ce daga ƙarshe.

"Waɗanne, Gwaggo?"

"Kwalaben magani. Mai roba a wuya, da mai zare, da wadda ba komai."

"Na zubar. Duk sun yi datti."

"Gwangwanayen fa?"

"Mai gwangwani ya saye."

"Igiyar tsakar gida?"

"Gwaggo, igiyar da ba a shanya a kanta?"

Inna ta ce, "Rediyo, rage murya."

"Ba zan rage ba."

"Rediyo, kin yi min alkawari."

"Na yi, kuma na riƙe. Ni! Ni da ko kaza ta yi ƙwai sai na faɗa. Maganar nan tana cikina tun bara kamar na haɗiyi dutse, har ramewa na yi. Amma ban yi alkawarin in tsaya ina kallo ki fasa kai ba."

"Wai me ake ciki ne?" in ji Akanta.

Rediyo ta juya gare ta.

"Ke mai lissafi. Tambayi uwarki wane kala ne mayafin da ke jikinki."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Tambaye ta."

Akanta ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Inna, wane kala ne mayafina?"

Inna ta ɗaga kai. Ta kalli wajen da muryar ta fito, ta ɗan kauce wa fuskar kaɗan, kamar mai kallon wani a bayan kafaɗarta.

"Shuɗin nan ne da kike so."

Jama'a, mayafin ja ne. Ja wur, irin wanda ake hangowa daga ƙarshen titi.

Ledar burodin ta suɓuce daga hannun Akanta.

"Inna."

Akanta ta matso kusa.

"Inna, ba kya gani?"

"Ina ganin haske. Ina ganin inuwar mutum in ya tsaya inda akwai fitila. Fuska ce dai ta tafi, ita da rubutu."

"Tun yaushe?"

"A hankali ya zo. Kamar ana shafa wa taga sabulu, kullum a ƙara kaɗan."

Akanta ta jingina da bango. Ta sulale ta zauna a kan simintin da ta goge da hannunta jiya.

Rediyo kuwa, tun da an riga an kunna ta, ba mai kashewa.

"Gwangwanin da ya lotsa, sukari ne. Mai tsumma a wuya, gishiri. Mai ƙusa a murfi, ganyen shayi. Dogon nan mai tsatsa a gindi, madara. Da hannu take karanta su, ke kika ga shara. Kwalba mai roba maganin safe, mai zare na yamma. Ni na ɗaura musu da hannuna."

"Tabarmar," in ji Akanta, da ƙyar.

Inna ce ta amsa, a hankali.

"Daga bakin gadona take farawa ta ƙare a ƙofar banɗaki. In ƙafata tana kanta, na san ina kan hanya. Kujerar nan da kika ce karyayya, a gaban matakala take. In gwiwata ta taɓa ta, na san zan sauka. Igiyar kuma ita ke kai ni famfo."

"Agogon bangon da na cire..."

"Mai ƙarar nan? Yana saman ƙofar falo. Da kunne nake samun ƙofa."

"Jiya da kika nufi bango..."

"Ƙarar nake nema. Gidan ya yi tsit, kamar an ɗauke ni an ajiye a gidan wasu."

Akanta ta dubi kayan jikin Inna, ta dubi takalmin da ta zame a bakin ƙofa.

"Ba ki kwanta ba."

"Na gwada fita sau ɗaya, ƙofa ta ba ni amsa. Sai na ce bari in zauna in jira gari ya waye, Rediyo ta leƙo."

"Ba ki ci komai ba."

"Ina tsoron in zuba abin da ba shi ba."

Akanta ta rufe fuska da jan mayafin. Ta tuna manyan fitilun da ta kwance tana tsaki. Ta tuna kantin bakin layi, wanda ba sai an tsallaka titi ba, mai shi kuma yana saka wa Inna canji a tafin hannu yana faɗa mata da baki. Ta tuna motar. Ta tuna katin. Duk abin da ta kira ɓarna, abu ɗaya ne ya sa tufafi daban-daban.

"Sukarin da man fa?" ta ce ta cikin mayafi.

"Zubewa suke. Ba na ganin bakin kofi ya cika sai na ji a yatsa."

Rediyo ta kama ƙugu.

"Wai me ya faru da sukari?"

"Ba komai, Gwaggo."

"A'a, akwai. Yadda kika sunkuyar da kai akwai. Ni kika zarga ko?"

"Gwaggo, ki yafe min."

"La'ilaha! Ni da nake zuwa kullum in goge man da ya zube don kada ta zame? Ni ɓarauniyar sukari?" Ta ja numfashi. "Cokali biyu dai nake sa wa a shayina in na zo, shi ma da saninta."

"Uku," in ji Inna.

"Ke da ba kya gani, ina kika sani?"

"Ina jin ƙarar cokali."

Ba wanda ya yi dariya sai Rediyo, ita ma ta ƙare da share ido.

Akanta ta rarrafo ta kama ƙafar uwarta.

"Me ya sa ba ki faɗa mana ba? Kullum ina zuwa. Ina zama a gabanki ina ta surutun kuɗin wuta. Ban taɓa duban idonki ba, Inna. Kantar kicin nake duba, firij nake buɗewa."

"Laifina ne, Auta, ba naki ba. Ni na koyi yadda zan ɓoye. In kin shigo sai in bi muryarki da fuska. In kin nuna min hoton yaranki sai in ce kai, sun girma. Na bar ki kina zargin mutane, na bar ku ke da yayanki kuna ta cacar baki a kan kuɗin cefane, ina ji ina shiru."

"To don me?"

Inna ta laluba ta dafa kanta.

"Kin tuna yayata?"

"Na tuna."

"Ranar da ƙafarta ta fara ba ta wahala 'ya'yanta suka taru, da kyakkyawar niyya. Suka ba da gidanta haya, suka kai ta bene, ɗaki mai kyau da labule. Ba ta san inda cokali yake ba. Ba mai leƙo ta ta katanga. Da na je duba ta, ta ce min ita yanzu kaya ce da aka ajiye a sito. Ba ta ga wata shekarar ba."

"Mu ba za mu yi miki haka ba."

"Yayanki ya faɗa da bakinsa a falon nan. Ya ce ranar da na kasa zama ni kaɗai, ranar zai zo ya ɗauke ni. Shi ba ya magana biyu, halin ubanku ya ɗauko. A gidan nan ko ba ido na san kowane lungu. A nan ni mutum ce. A can sai dai a riƙe min hannu zuwa banɗaki, matarsa tana haƙuri da ni." Ta matse hannun Akanta. "Ki rufa min asiri. Kada yayanki ya ji. Ki ce kin yi alkawari."

Akanta ta kawar da kai.

Kun tuna wayar da na ce ku riƙe?

"Auta, kin yi shiru."

"Inna..."

Rediyo, wadda hancinta ke jin ƙanshin labari tun kafin a dafa shi, ta ce, "Wayyo. Ta riga ta faɗa."

"Ban san maganar ido ba! Na ga kin tara shara, na ga kuɗi ba ya isa, na ga kin nufi bango. Sai na kira shi."

"Kika ce me?"

"Na ce... na ce kamar kin fara ruɗewa."

Inna ta saki hannunta a hankali. Da ta mare ta da ya fi sauƙi.

"Ya ce me?"

"Ya ce zai kamo hanya da sassafe. Ya ce in haɗa miki kayan sawa, shi zai taho da abin da za a zuba sauran."

"Yau?"

"Yau."

Ruwan shayi yana ta tafasa ba wanda ya kula shi.

Rediyo ce ta fara farfaɗowa. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu.

"To kuka ba zai mayar da gwangwani ba. In ya zo ya same ta tana laluben bango, shi ke nan, ko a ce ido ko a ce kai, mota za ta shiga. In ya same ta tana yawo a gidanta tana haɗa masa shayi tana zaginsa kamar kullum, sai ya ce ke ce kika ruɗe. Kira mai gwangwanin nan!"

Akanta ta kira.

"Malam, ni ce ta jiya, mai gwangwanaye da kwalabe."

"Ranki ya daɗe, an samu wasu ne?"

"A'a. Na jiyan nake so ka dawo min da su."

"In dawo da su? Ranki ya daɗe, tun da nake sana'ar nan ba a taɓa ce min in dawo da shara ba."

"Ba shara ba ce. Ka daka su?"

"Ban kai ga dakawa ba, suna cikin buhu. Amma na haɗa su da na wasu gidajen."

Inna ta miƙa hannu aka sa mata wayar.

"Ɗan nan, kawo buhun duka. Ni zan gane nawa."

"Iya, gwangwani ai gwangwani ne."

"A wurinka. Akwai mai tsumma a wuya, kada ka kwance masa. Ka yi sauri don Allah."

Daga nan gida ya rikice. Akanta ta fita bakin titi da gudu, da takalminta mai tsini, ta ci sa'a masu shara ba su zo ba. Ta jawo tabarmar, ta kinkimo karyayyar kujera a ka, maƙwabta suna leƙe. Wata ta ce, "Akanta, an fasa gyaran ne?" Ba ta ko juya ba. Ni da ina wurin da na tambaye ta sau biyu.

Suka zaunar da Inna a falo suna fuskantar ƙofa, aka ba ta shayi da burodi, Rediyo ta zaɓo mata ƙwayar safe ta sa mata a baki. Daga nan Inna ta koma kwamanda.

"Tabarmar ta yi dama da yawa."

"Ina kika sani?"

"Na ji ta goga ƙafar gado. Ja ta baya. Yagaggen gefen ne wajen banɗaki."

Akanta ta durƙusa tana ja, hawaye na ɗiga a kan tabarmar da jiya ta ɗauka da yatsu biyu tana toshe hanci.

"Inna, in komai ya lafa zan kai ki wurin likitan ido. Wataƙila yanar ido ce, ana cirewa."

"Da wane kuɗin? Na fitila ma kin ce ya yi yawa."

"Don Allah ki daina. Kowace kalma da na faɗa yau tana dawowa tana cizona."

"To ki mayar min da manyan fitiluna."

"Yanzu ma kuwa."

Ta shiga sito neman ƙwayayen da ta kwance. Rediyo kuma ta hau kan turmi a tsakar gida tana ɗaura igiya, tana ba da labarin yadda ta riƙe sirri, da ƙarfi, yadda duk layin zai san ta iya riƙe sirri.

Ƙofar waje a buɗe suka bar ta saboda mai gwangwani.

Ko mutumin ya yi sallama ko bai yi ba, ni ban sani ba. In ma ya yi, bakin Rediyo ya cinye ta. Ya dai shigo, dogo, da babban buhu a kafaɗa, ya tsaya a ƙofar falo, hasken rana a bayansa. Ya ga bango fayau ba agogo. Ya ga karyayyar kujera. Ya ga kumburin goshin tsohuwa.

Inna ta ga inuwar mutum da buhu. Fuskarta ta washe.

"Yauwa, ɗan albarka, ka yi sauri. Kawo nan gabana."

Bai motsa ba.

"Matso mana. Kada ka ji kunya, ba na ganinka, inuwarka kawai nake gani. Juye su nan in laluba nawa. Mu gama kafin babban ɗana ya iso. In ya san idona ya tafi, yau zai raba ni da gidan nan."

Akanta ta fito daga sito da ƙwayayen fitila a hannu. Ta ga wanda ke tsaye. Ɗaya ya faɗi ya fashe.

A tsakar gida Rediyo ta mutu ɗif, kamar an zare mata batir.

Mutumin ya tako a hankali, ya durƙusa a gaban Inna, ya sauke buhun. Ba ƙarar gwangwani. Jakunkuna ne a ciki, a naɗe, ba komai a cikinsu.

Inna ta miƙa hannu tana neman bakin buhun, sai ta kama hannunsa. Yatsunta suka bi bayan hannun, suka zo kan ƙaramin yatsa, wanda ya karye tun yana yaro ya warke a karkace.

Nan suka tsaya.

"Babba?" ta ce.

Yaya bai saki hannunta ba. Ya ɗaga kai ya dubi Akanta, ya dubi Rediyo a kan turmi da igiya a hannu, ya dawo da idonsa kan idon uwarsa da ke kallon gefen kunnensa.

"Inna," ya ce. "Duk gidan nan ni kaɗai ne baƙo?"